Yadda Ƙasa Za Ta Gano Jiragen Ruwan da Suka Nitse, Ta Rubuta Bayaninsu, Ta Kare Su

Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa jiragen ruwa kusan miliyan 3 ne ke kwance a ƙarƙashin tekunan duniya, ban da garuruwan da ruwa ya ci, da tsofaffin tashoshin jiragen ruwa, da jiragen saman da suka faɗa teku. Mafi yawansu babu wanda ya san inda suke, kuma a cikin waɗanda aka sani, 'yan ƙalilan ne aka auna, aka zana, aka rubuta bayaninsu yadda masani zai iya dogara da shi. Abin da ya ba jirgin da ya nitse daraja a wurin masu binciken tarihi shi ne ya tafi da komai nasa a rana guda. Hajar fatake da tukwanen girkin ma'aikata da kayan aikin kafinta da kuɗin da ke jakar matuƙi duk suna tare, kowanne a inda aka ajiye shi. Wanda ya ciro tulu guda bai rubuta inda ya same shi da abin da ke maƙwabtaka da shi ba, ya sami tulu, amma ya goge wani sashe na shaidar da babu kwafinta a ko'ina. Duk matakan da ke tafe sun ginu ne a kan wannan: a rubuta kafin a taɓa, kuma kada a ciro abin da ba a tanadi yadda za a kula da shi ba.

Aikin da ake yi a tudu

Abu na farko da ƙasa ke buƙata shi ne hukuma guda da kowa ya san ita ke da alhakin wannan gado, da dokar da ta wajabta wa duk wanda ya ga tarkacen jirgi ya kai rahoto, ta hana taɓawa sai da izini a rubuce, ta kuma haramta sayar da abin da aka ciro. Wajibi ne mai tsara dokar ya san iyakar ikon ƙasarsa a teku. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokokin teku ta 1982 ta ba ƙasa cikakken iko daga gaɓarta zuwa mil 12 na teku, ta ba ta damar hana kwashe kayan tarihi har zuwa mil 24, amma daga nan zuwa mil 200 haƙƙinta ya fi karkata ga albarkatu irin su kifi da mai. Wannan giɓin ne yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kare kayan tarihin ƙarƙashin ruwa ta zo ta rage. Ta fara aiki a watan Janairun 2009, ta ɗauki duk wata alamar rayuwar ɗan Adam da ta shekara 100 a cikin ruwa a matsayin gado, ta kuma zo da ƙa'idojin aiki 36, waɗanda har wasu ƙasashen da ba su shiga yarjejeniyar ba, irin su Birtaniya, suka ɗauka a matsayin ma'aunin aiki.

Shekara 100 ɗin ba ta hana ƙasa rage wa'adin ba. Ostireliya tana kare duk jirgin da ya shekara 75 a ruwanta kai tsaye, ko an gano shi ko ba a gano ba, alhali dokar Birtaniya ta 1973 tana buƙatar a ayyana kowane wuri ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙasar da take farawa, tsarin Ostireliya ya fi dacewa a ganina, domin mai sata ba ya jiran a gama cika takardun ayyanawa. A kuma lura da jiragen yaƙi da na gwamnati, waɗanda ƙasar da ta mallake su ba ta rasa haƙƙinta a kansu don sun nitse. A 2007 wani kamfanin Amurka ya kwaso tsabar kuɗi na azurfa da zinariya sama da 500,000 daga jirgin yaƙin Sifaniya mai suna Nuestra Señora de las Mercedes, wanda ya nitse a 1804 daura da Fotugal. Kotunan Amurka suka ba da umarnin a mayar wa Sifaniya, aka mayar a 2012.

Bayan doka sai takardu. Jirgi ba ya nitsewa a ɓoye, domin masu shi sun yi asara, masu inshora sun biya, waɗanda suka tsira sun ba da shaida, jarida ta buga labari. A tattara rahotannin haɗurra daga tsofaffin jaridu, da littattafan tashoshin jiragen ruwa, da bayanan shari'o'i, da tsofaffin taswirori, da jaridar harkokin jiragen ruwa ta Lloyd's List da aka fara fitarwa a Landan tun 1734. Sau da yawa takardun suna wata ƙasa dabam, don haka a ƙulla hulɗa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar da jirgin ya fito.

Labarin São José Paquete de Africa ya nuna inda takarda ke da rana. Jirgin Fotugal ne da ya taso daga Mozambik ɗauke da bayi sama da 400 zai kai su Brazil, ya bugi duwatsu kusa da Cape Town a watan Disamban 1794, mutum sama da 200 suka mutu. A shekarun 1980 masu neman dukiya sun riski wurin, suka ɗauka wani jirgin Holan ne. Da masu bincike na gidajen tarihin Iziko na Afirka ta Kudu da abokan aikinsu suka koma, sun tarar da sandunan ƙarfe a ƙasan teku, irin waɗanda ake jerawa a gindin jirgi don ya daidaita a kan ruwa. Shaidar da matuƙin ya bayar bayan haɗarin, wadda aka samu a ma'ajiyar takardu a Cape Town, ta yi daidai da wurin, wata takardar kuma ta nuna an loda wa jirgin irin waɗannan sanduna kafin ya bar Lisbon. Da haka aka tabbatar da sunansa, aka sanar wa duniya a 2015.

Waɗanda suka fi kowa sanin ƙasan teku kuwa su ne masunta da masu nutso. Masu nutso don ciro soson teku ne suka gano jirgin Antikythera a Girka a 1900, su ne kuma suka gano na Uluburun a gaɓar Turkiyya a 1982, wanda ya nitse a ƙarshen ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ɗauke da kusan tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza. Masu bincike sun daɗe suna bin masu nutson suna nuna musu zanen abubuwan da suke nema, shi ya sa da wani matashi ya ce ya ga "biskit na ƙarfe masu kunnuwa", aka gane dunƙulen jan ƙarfe na zamanin da yake nufi. A je wurin masunta da taswira da hotuna, a tambaye su inda koma ke sarƙafewa, da inda kifi ke taruwa babu dutse a kusa, da abin da ya taɓa biyo koma. A rubuta sunan wurin yadda suke kiransa. A tabbatar musu tun da farko cewa ba da labari ba zai jawo musu kamu ko hana su kamun kifi ba, sannan a dawo a gaya musu abin da aka gano, domin wanda ya ba da labari aka yi shiru ba ya ƙara bayarwa.

Neman wurin da na'ura

Idan takardu da masunta sun nuna yanki, sai a ɗauko na'urori. Sona mai duba gefe ana jan ta ne a bayan jirgi, tana aika sauti dama da hagu, tana zana hoton ƙasan teku daga amsa-kuwwar da ta dawo. Mai karanta hoton ya fi lura da inuwar abu, domin tsawon inuwar ne ke nuna tudunsa. Akwai wata sonar mai aika sauti ta fuskoki da yawa lokaci guda, wadda ke fitar da taswirar zurfi dalla-dalla. Na'urar jin ƙarfe tana auna canjin maganaɗisun ƙasa, ita ke tona asirin igwa ko anga ko injin da yashi ya binne, sannan akwai mai ratsa laka ta nuna abin da ke ƙarƙashi. Jirgin binciken yana tafiya layi-layi kamar mai jan kunya a gona, kowane layi yana hawa kan gefen na baya don kada a bar giɓi. A rubuta wuraren da aka duba ba a ga komai ba da irin kulawar da za a rubuta inda aka ga abu, don kada a sake kashe kuɗi a wuri guda.

Waɗannan na'urori suna da tsada, amma ba dole ba ne hukumar tarihi ta mallake su. Sojojin ruwa masu zana taswirar teku da hukumar tashoshin jiragen ruwa da kamfanonin mai da masu shimfiɗa wayar intanet a ƙarƙashin teku duk suna da tarin irin waɗannan hotuna, waɗanda suka ɗauka don wata buƙata. A sa a cikin sharuɗɗan lasisinsu cewa za su miƙa kwafi, kuma duk aikin yasar tashar jiragen ruwa ko shimfiɗa bututu sai masanin kayan tarihi ya duba hanyar kafin a fara. Alamar da ta fito a na'ura ba ta zama jirgi ba sai ido ya gani, ko na mai nutso, ko na kyamarar mutum-mutumin da ake sarrafawa daga sama idan wurin ya yi zurfi. Da irin wannan na'ura aka gano jirgin Endurance a watan Maris na 2022, a zurfin mita 3,008 a tekun Weddell da ke yankin Antatika, aka ɗauki hotonsa aka auna shi ba tare da an ciro ko ƙusa ba.

Rajistar ƙasa

Duk abin da aka samu sai ya shiga rajista guda ta ƙasa, kuma a ganina wannan rajista ita ce aiki mafi arha kuma mafi amfani a dukan lamarin. Kowane wuri a ba shi lamba wadda ba za ta canza ba. A rubuta matsayinsa a taswira tare da tsarin awon da aka yi amfani da shi, wanda yawanci WGS 84 ne, domin lambobi iri ɗaya a tsari dabam suna iya kai mutum ɗaruruwan mitoci nesa da wurin. A rubuta zurfi, da irin ƙasan wurin, da tsawo da faɗin tarkacen, da abin da aka ƙera jirgin da shi, da halin da yake ciki, da haɗarin da ke fuskantarsa, da wanda ya kawo rahoto, da ranar da aka gani ƙarshe. A bambanta jirgin da takarda ta ce ya nitse amma ba a gan shi ba, da wanda aka gani ba a san sunansa ba, da wanda aka haɗa duka biyun. Kada a yi gaggawar laƙaba suna, domin sunan da aka rubuta bisa zato yakan daɗe yana yawo a littattafai bayan an gano kuskure ne. A ware ainihin lambobin wuri ga hukuma da jami'an tsaro, jama'a kuma a ba su bayanin da ba zai kai mai sata har bakin jirgin ba.

Awo da zane a ƙasan teku

A 1960 George Bass ya jagoranci tonon jirgin Gelidonya a Turkiyya bisa ra'ayin cewa masanin ne da kansa ya kamata ya nutsa, maimakon ya zauna a sama yana karɓar abin da masu nutso suka miƙo. Daga nan aka kafa al'adar cewa ƙa'idar aiki a ruwa ita ce ƙa'idar aiki a tudu, sai dai lokaci ya yi ƙaranci. A zurfin mita 30, mai nutso da iska ta yau da kullum yana da kusan minti 20 kafin ya zama dole ya riƙa tsayawa a hanyar fitowa don iskar nitrojin ta bar jikinsa, kuma a irin wannan zurfi tunaninsa yakan yi nauyi. Tonon Uluburun, wanda ke zurfin sama da mita 40, ya ɗauki daga 1984 zuwa 1994, aka yi nutso sama da 22,000. Saboda haka ake gama tsara aikin kowane nutso tun a kan jirgi, a rubuta wa kowa abin da zai yi, ba a kuma barin mutum ya nutsa shi kaɗai ko babu mai lura da lokaci a sama.

GPS ba ya aiki a cikin ruwa, don haka sai an kafa wuraren awo na dindindin. A kafa turakun ƙarfe marasa tsatsa a kewayen tarkacen, a wajensa, a inda yashi ba zai kwashe su ba, a ɗaura wa kowanne alama mai harafi, a auna nisan da ke tsakaninsu da zurfin kowanne. Hanya mafi sauƙi ita ce a miƙa tef ɗin awo daga wannan turke zuwa wancan ta tsawon jirgin, duk abin da za a rubuta a auna nisansa daga wannan layi a kusurwa mai digiri 90. Idan ana son awo mafi inganci, a auna abin daga turaku uku ko huɗu, a haɗa da zurfinsa. Awo na huɗun shi ke nuna idan ɗaya daga cikin ukun ya karkace.

A aikace mutum biyu ne ke yi. Ɗaya yana danne bakin tef a kan turke, ɗayan yana ja har tef ɗin ya miƙe, ya duba ko ruwa ya lanƙwasa shi ko ya hau kan wani katako, ya karanta lambar, ya rubuta da fensir a kan takardar roba da aka manna a allo, sannan ya fizgi tef ɗin sau biyu ko yadda suka yi alkawari don abokinsa ya koma turke na gaba. Gilashin da ke fuskarsa yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka babu awon da ake yi da ido. Da an fito, a kwafe abin da ke allon a ranar, a zana shi a taswirar wurin tun mai awon yana tuna abin da ya gani. Lambar da ba ta zauna ba a sake auna ta washegari.

Kyamara ta sauƙaƙa aiki ƙwarai. Mai ɗaukar hoto yana iyo sannu a hankali a nisa ɗaya daga ƙasa, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna ko dubbai, kowanne yana maimaita kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na wanda ya gabace shi, daga baya manhaja ta haɗa su ta fitar da siffar wurin mai nuna tsawo da faɗi da tudu. Kafin a fara a shimfiɗa sandunan awo masu tsawon da aka sani a wurare dabam-dabam. A yi amfani da fitila, domin launin ja yana ɓacewa tun a kusan mita 5. A kuma fara ɗaukar hoto kafin kowa ya sauka ya tayar da laka. Sai dai siffar kwamfuta tana iya yin kyau alhali ta karkace, don haka a gwada ta da 'yan awon tef. Kuma hoto ba ya ganin abin da ciyawar teku ta rufe. Hannun mai nutso ne ke jin inda katako biyu suka haɗu, da sawun gizago a jikin itace.

A jikin jirgin, a auna tsawon ƙashin bayansa, da tazarar da ke tsakanin haƙarƙarinsa, da kaurin katakon bango, a kuma duba abin da aka haɗa su da shi, ko turakun itace ne, ko ƙusar ƙarfe, ko ta jan ƙarfe, ko ɗinki da igiya. Waɗannan su ke faɗin inda aka ƙera jirgi da zamaninsa. Ɗinkin igiya yana iya nuna al'adar ƙera jirgi irin ta yammacin tekun Indiya. Rufin jan ƙarfe a gindin jirgi, wanda sojojin ruwan Birtaniya suka fara gwadawa a 1761, yana nuna jirgin bai nitse kafin rabin ƙarshe na ƙarni na 18 ba. Tsabar kuɗi mai kwanan wata tana nuna shekarar da jirgin bai nitse kafinta ba, ba ta nuna shekarar da ya nitse. Idan ana buƙatar ƙarin tabbaci, a yanki ɗan samfurin katako bisa izini don ƙirga zobban shekarun itacen ko gwajin kabon 14 mai nuna shekarun abu, a rubuta ainihin inda aka yanka.

Jirage da yawa kaburbura ne. Idan aka ga ƙasusuwan mutane, a rubuta, a rufe, a sanar da hukuma, a guji motsa su ko yaɗa hotunansu.

A bar shi ko a ciro shi

Ƙa'ida ta farko a yarjejeniyar 2001 ita ce a fara duba yiwuwar adana abu a inda yake. Dalilin yana cikin yanayin wurin. Katakon da laka ta binne, inda babu iskar oksijin, yana iya shekaru dubbai, amma wanda ya fito fili tsutsar teku mai cin katako, wadda a haƙiƙa dangin kawa ce, takan cinye shi cikin 'yan shekaru. Jirgin Vasa, da ya nitse a tashar Stockholm a 1628 a tafiyarsa ta farko, ya tsira ne saboda ruwan tekun Baltik ba shi da gishirin da wannan tsutsa ke buƙata.

Barin abu a wurinsa aiki ne da ke buƙatar kuɗi da ma'aikata. Ana rufe katakon da ya fito da buhunan yashi ko ƙyalle na musamman mai barin ruwa ya wuce. A Holan ana shimfiɗa raga a kan tarkace don ta riƙa tare yashin da ruwa ke kwasowa har ya binne shi. Igwa da anga ana ɗaura musu dunƙulen tutiya ko alminiyam don tsatsa ta ci dunƙulen maimakon ƙarfen. A Kuroshiya an gina kejin ƙarfe a kan jiragen da ke cike da tuluna, mai nutso ya gani amma ba zai ɗauka ba. Kowace hanya aka bi, sai an riƙa komawa a kai a kai, a ɗauki hoto daga wuraren da aka ɗauka a baya, a auna tudun yashi a jikin turaku. A 2016 masu nutso sun koma inda jiragen yaƙin Holan da na Birtaniya suka nitse a tekun Java a 1942, suka tarar masu sayar da tsohon ƙarfe sun kwashe su, sai ramuka a ƙasan teku.

Ana cirowa ne idan wurin yana cikin haɗarin da ba a iya karewa, ko akwai tambayar bincike da babu wata hanyar amsa ta. Kafin a yanke shawara a dubi abin da ya biyo bayan cirowa a wasu ƙasashe. Siwidin ta ɗago Vasa a 1961, ta yi shekara 17 tana fesa masa wani irin kaki mai narkewa a ruwa da ake kira PEG, sannan a 2000 aka ga asid yana fitowa a jikin katakon, aka shiga wani sabon aikin. Jirgin Mary Rose, da ya nitse a 1545, an ɗago shi a Ingila a 1982, ba a daina fesa masa ruwa da kaki ba sai 2013. Ƙasar Sin ta ɗago jirgin Nanhai na 1 a 2007 tare da lakar da ke kewaye da shi a cikin ƙaton akwatin ƙarfe, ta gina masa gidan tarihi don a tona shi a tsanake.

Duk abin da aka ciro a ba shi lamba tun yana ƙasa, a kuma ajiye shi a jiƙe daga lokacin da ya fito. Katakon da ya sha ruwa, ruwan ne ke riƙe da siffarsa, idan ya bushe sai ya motse ya tsage, ba ya kuma komawa. Tukunya da tangaran sun sha gishiri, idan suka bushe gishirin yakan daskare a cikinsu ya fasa su, don haka ake jiƙa su a ruwa mai daɗi, ana canzawa ana auna gishirin da ya fita, na tsawon watanni ko shekaru. Ƙarfe yakan fito a cikin dunƙule mai tauri na tsatsa da yashi da kwasfar halittun teku. Kada a sa masa guduma. A ɗauki hoton eksire tukuna, domin wani lokaci ƙarfen ya narke gaba ɗaya, sai ramin siffarsa ya rage, wanda ake zuba wa roba a fitar da kamanninsa. Na'urar lissafin taurari ta Antikythera ma a irin wannan dunƙule ta fito, sai a 1902 aka lura da haƙoran ƙafafunta a ciki.

Masu neman dukiya da masu gadi

Ƙasar da ba ta da kuɗi takan sami tayi daga kamfanin da zai ciro kaya a raba. A 1985 aka kwashe jirgin Holan mai suna Geldermalsen, wanda ya nitse a 1752, aka yi gwanjon tangaran ɗinsa kusan 150,000 a Amsterdam a 1986, ba tare da wani bayanin kirki game da jirgin kansa ba. Na Belitung a Indunusiya, jirgin ƙarni na 9 da aka gano a 1998 ɗauke da kayan tangaran na Sin kusan 60,000, ya fi rikitarwa: masu kare aikin suna cewa da an jinkirta da ɓarayi sun gama da shi, kuma yawancin kayan suna tare a Singafo, amma duk da haka cibiyar Smithsonian ta Amurka ta fasa baje kolinsu a 2011 saboda yadda aka ciro su. Shawarata ita ce a ƙi duk yarjejeniyar da za a biya mai aiki da kayan da ya ciro, domin ribarsa tana cikin sauri da zaɓen mai tsada, awo da zane kuwa ɓata lokaci ne a wurinsa.

Babu hukumar da za ta iya gadin teku ita kaɗai. A horar da jami'an kwastam su gane kayan da suka fito daga ruwa, a ba sojojin ruwa da masu gadin gaɓa jerin wuraren da za su riƙa leƙawa, a koya wa masu nutson nishaɗi awo da ɗaukar hoto don su riƙa kawo rahoto. Wuraren da za su jure baƙi a buɗe su bisa tsari, kamar yadda Italiya ta yi da tsohon garin Baia da ruwa ya ci a 2002, Girka kuma ta yi da jirgin Peristera a 2020. Waɗanda ba sa nutso a nuna musu siffar kwamfuta a gidan tarihi da makarantu da intanet.

Aiki bai kammala ba sai an rubuta rahoto. Ƙa'idojin 2001 sun buƙaci a tabbatar da kuɗin dukan matakai, har da gyaran kaya da ajiyarsu da buga rahoto, kafin a fara, kuma a ajiye kayan da takardun aikin wuri guda, a buɗe su ga masana da jama'a cikin abin da bai wuce shekara 10 ba bayan gama aikin. Rahoton ya ƙunshi dalilin aikin, da hanyoyin da aka bi, da taswirori da zane da hotuna, da jerin kayan da aka ciro da inda suke, da shawarar yadda za a kula da wurin. A ajiye ainihin hotunan da bayanan sona kamar yadda suka fito daga na'ura, a tsarin fayil da kowace manhaja za ta iya buɗewa, a yi kwafi a wurare dabam-dabam, ɗaya a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Sannan a koma rajista a sabunta shafin wurin, a rubuta ranar da za a sake nutsawa a duba shi da sunan ofishin da zai yi.